Jaririn da bai yi kuka ba: rawar da sojojin jiki ke takawa a ƙwaƙwalwarsa

Duk ungozomar da ta daɗe tana karɓar haihuwa ta san wannan. Mace ta kwana biyu tana naƙuda, yaro ya faɗo shiru, jiki laƙwas, ba kuka. A goga masa baya, a yi ta fama, can sai ya ja numfashi ya yi 'yar ƙara, gida ya ɗauki hamdala. Kafin gari ya waye ya ƙi kama nono, baki yana motsi kamar mai tsotso, hannu ɗaya yana fizga, daga nan jijjiga ta kankama. Mutanen gida sukan ce iska ce ta shafe shi, ko baki ne, tunda da idonsu suka ga ya farfaɗo. Abin da ke faruwa tsakanin farfaɗowar nan da jijjigar, likitocin jarirai sun shafe shekara 40 suna bin diddiginsa, kuma babban kaso na amsar yana hannun ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda muka fi sani da sojojin jiki.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Wani ƙiyasi da aka buga a 2013 ya nuna cewa a 2010 jarirai kimanin miliyan 1.15 ne suka samu irin wannan rauni na ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, kashi 96 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. A Nijeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce jarirai 39 cikin kowane 1,000 ba sa cika wata ɗaya a duniya. A nan Zamfara kuwa, lokacin wancan binciken, kusan haihuwa ɗaya cikin goma ce ake yi a asibiti. Cikin waɗanda suka rayu da raunin akwai yaran da wuyansu ba ya tsayuwa, ko gaɓɓai suka sandare, ko farfaɗiya ta kama su, har wasu su riƙa ce musu 'yan ruwa.

Ƙwaƙwalwa gaɓa ce mai ci, ba ta kuma ajiya. A jikin jariri ita kaɗai take cinye fiye da rabin ƙarfin da jiki ke samarwa. Idan mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa tun yaro bai fito ba, ko cibiya ta riga shi sauka ta matse, ko naƙuda ta yi tsawo mahaifa tana ta matsawa ba hutu, jini da iskar oksijin sai su ragu. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rasa makamashin da suke fitar da gishiri daga cikinsu, ruwa ya bi gishirin, su kumbura. Sinadarin da suke aika wa juna saƙo da shi, gulutamet, ya taru a waje yana ta zuga su ba ƙaƙƙautawa, kalsiyam ya kwarara ciki. Wasu su mutu nan take.

Da a nan maganar ta ƙare, da babu abin da ya rage wa likita bayan haihuwa sai jaje. Amma a shekarun 1980 wasu likitoci a Landan suka fara auna makamashin ƙwaƙwalwar irin waɗannan jarirai da na'urar maganaɗisu, suka ga abin mamaki: jim kaɗan bayan an farfaɗo da yaro makamashin yakan dawo kusan daidai, sai bayan awanni ya sake faɗuwa, ya kai ƙasa a rana ta biyu ko ta uku. Wato akwai bugu na biyu. Alistair Gunn da Peter Gluckman a Auckland ta ƙasar Niyu Zilan suka gwada abin a kan 'ya'yan tumaki da ke ciki, suka tabbatar da cewa tsakanin bugu na farko da na biyu akwai tazarar kimanin awa 6, kuma abin da aka yi a cikinta yana iya rage ɓarnar. Jijjigar da ke zuwa washegari alamar bugu na biyun ce.

To su wa ke aiki a cikin wannan tazara? Na farko, ƙwaƙwalwa tana da nata masu gadi na cikin gida, ana kiransu maikurogiliya. Wani masani ɗan ƙasar Sifen, Pío del Río-Hortega, shi ya bayyana su a 1919, amma sai a 2010 aka tabbatar da asalinsu: ba daga ɓargo suke fitowa ba kamar fararen ƙwayoyin jini, suna shiga ƙwaƙwalwa ne tun ciki yana 'yan makonni, su zauna can har ƙarshen rayuwa suna sabunta kansu. Sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A jikin babba, yawancin aikinsu sintiri ne. A jikin jariri kuwa suna cikin maginan ƙwaƙwalwar kanta. Tayi yana ƙera ƙwayoyin jijiya da mahaɗansu fiye da yadda zai buƙata. Maikurogiliya ne ke kwashe waɗanda suka mutu, su datse mahaɗan da ba a amfani da su, su taimaka wa ƙananan jijiyoyin jini su haɗu, su fitar da sinadaran da ke raya ƙwayoyin da ke tasowa. Wannan shi ne bambancin da ya kamata a riƙe. Idan aka janye su daga wannan aiki zuwa faɗa, asara biyu ake yi: ɓarnar faɗan, da aikin ginin da ya tsaya.

Abin da ke janye su kuwa shi ne gawar maƙwabtansu. Ƙwayar da ta fashe takan zubar da abubuwan da bai kamata a gan su a waje ba, maikurogiliya suna da masu jin ƙamshin waɗannan abubuwa a jikinsu. Cikin 'yan awanni su janye rassansu, su dunƙule, su nufi wurin, su fara fitar da sinadaran kiran gangami, waɗanda ake kira saitokain, irin su IL-1 da IL-6 da TNF, haɗe da wasu sinadarai masu ƙuna da aka tanada don hallaka ƙwayoyin cuta. Sai dai a nan babu ƙwayar cutar da za a hallaka. Wanda ke kusa shi ne ƙwayar jijiyar da ta galabaita amma ba ta mutu ba, wadda da an ƙyale ta da ta warke. Ƙwaƙwalwar jariri kuma ba ta da isassun makaman kare kanta daga waɗannan sinadarai masu ƙuna, ga ta da kitse mai saurin lalacewa, ga sinadarin ƙarfe mai yawa da ke ƙara rura wutar. Mu a Zamfara ba ma buƙatar dogon bayani kan yadda wanda ya fito tsaron gari yake iya zama wani ɓangare na ɓarnar.

Gangamin yana kaiwa waje. Akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke hana abubuwa da yawa shiga. Saitokain sukan sassauta shi. Niyutirofil, mafiya yawa cikin fararen ƙwayoyin jini, su ne ke fara isowa. A gwaje-gwajen da aka yi da 'ya'yan ɓeraye an ga da farko ba ma shiga suke yi sosai ba, manne wa bangon ƙananan jijiyoyin jini suke yi su cunkushe hanya, jinin da ya dawo ya kasa wucewa, kuma da aka rage su kafin raunin ya auku ɓarnar ta ragu. Bayansu monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jinin, su shigo, wasu su ƙara wuta, wasu su taya kwashe gawa. Ƙwayoyin T, su ma nau'in fararen ƙwayoyin jini, su ne 'yan baya, amma su ne masu daɗewa, ana samunsu a wurin makonni bayan komai ya lafa.

Inda maganar ta fi shafarmu shi ne abin da ke faruwa idan sojojin nan sun riga sun harzuƙa tun kafin iska ta yanke. A 2001, a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin, ƙungiyar Henrik Hagberg da Carina Mallard ta ɗauki 'ya'yan ɓeraye 'yan kwana 7, ta yi musu allurar ɗan ƙanƙanin guba da ake samu a bangon wasu ƙwayoyin bakteriya, adadin da shi kaɗai bai illata ƙwaƙwalwa ba. Bayan awa 4 aka rage musu iska na ɗan gajeren lokaci, wanda shi ma shi kaɗai ba ya barin wani rauni na a zo a gani. Da aka haɗa biyun sai ga mummunar ɓarna. Dalilin yana da sauƙin fahimta: ƙofar da maikurogiliya ke gane gubar bakteriya da ita, TLR4, tana cikin ƙofofin da suke jin ƙamshin fasassun ƙwayoyi da su. Gano cewa wannan ƙofa ce ke gane gubar yana cikin abin da ya ba Bruce Beutler kyautar Nobel a 2011. Cutar uwa ta riga ta ɗana kunamar, naƙuda ce kawai ta taɓa ta. Wani abin lura, a gwajin da suka sake daga baya, idan tazarar ta kasance awa 24 gubar takan rage raunin ne, idan ta kai awa 72 ta sake tsananta shi. Saboda haka ba a iya cewa kumburi kullum sharri ne. Lokacinsa ne ke yanke hukunci.

A mutane ma an ga sawun haka. A 1997 Judith Grether da Karin Nelson suka bi tarihin yara a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka samu cewa yaran da suka cika nauyi, waɗanda uwayensu suka yi zazzaɓi sama da digiri 38 a lokacin naƙuda ko cuta ta kama jakar ruwan ciki, haɗarin shanyewar gaɓɓai a gare su ya ninka kusan sau 9. A asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, binciken Cally Tann ya nuna cewa bakteriya a jinin jariri da kumburin igiyar cibiya suna tafiya tare da wannan rauni na ƙwaƙwalwa. Tsohuwar gardama ce ma: a 1861 likitan Ingila William Little ya ɗora laifin shanyewar yara kan wahalar haihuwa, a 1897 likitan Ostiriya Sigmund Freud ya ce a'a, sau da yawa matsalar ta faro tun a ciki. Ga alama kowannensu ya riƙe rabin gaskiya.

Yanzu a dubi mace a wani ƙauye na Maru ko Tsafe. Faya ta fashe da la'asar, naƙuda ba ta kankama ba, hanya kuma ba ta biyuwa da dare saboda halin tsaro. Likitoci suna ɗaukar awa 18 bayan fashewar faya a matsayin iyakar da haɗarin cuta ke ƙaruwa, ita kuwa za ta wuce wannan iyaka tana kwance a ɗaki, wataƙila ana ta sa hannu ana duba ko yaro ya sauko. Ga ciwon mafitsara da ba a yi magani ba. Ga zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tara monosait a cikin mabiyiya ya hana yaro girma yadda ya kamata, shi ya sa ake ba masu ciki Fansidar a wurin awo aƙalla sau uku. Bayan haihuwa ga reza, ga gashin cibiya da tsumma, ga man goge baki da wasu ke shafa wa cibiyar. Maƙwabciyarmu Sakkwato ita ce jihar da ta fara raba man kulohezidin, mai kashe ƙwayoyin cuta a cibiya, a 2013. A ganina duk waɗannan, da muke lissafa su a matsayin ƙananan abubuwa na tsabta, maganin ƙwaƙwalwa ne, kuma sun fi kusa da hannunmu fiye da kowace na'ura.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a kashe kumburin da magani a huta? An gwada, ba a ji da daɗi ba. A 2011 ƙungiyar Zinaida Vexler a San Faransisko ta kawar da maikurogiliya daga ƙwaƙwalwar 'ya'yan ɓeraye kafin ta toshe musu jijiyar jini, da zaton raunin zai ragu. Sai ya ƙaru, saitokain ɗin ma suka ƙaru. Maganin minosaikilin, mai kwantar da maikurogiliya, ya kare ƙwaƙwalwa a wani jinsin ɓera ya tsananta rauni a wani. A shekarun 1990 an riƙa ba bakwaini allurar dezametason, mai kashe kumburi, tun a kwanakin farko don huhunsu. Da yaran suka girma aka ga shanyewar gaɓɓai ta fi yawa a cikinsu, har ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ja kunne a 2002. Wannan daban yake da allurar da ake yi wa uwa kafin haihuwar bakwaini, kada a haɗa su. Wani kuma shi ne iritirofoyitin, sinadarin da ke sa jiki ƙera jajayen ƙwayoyin jini, wanda aka ɗora wa buri sosai: a gwajin HEAL na 2022 da jarirai kimanin 500 a Amurka, ƙara shi a kan sanyaya jiki bai rage mutuwa ko naƙasa ba, ya ma zo da ƙarin illoli.

Abu ɗaya da ya yi aiki shi ne sanyaya jariri. Ana saukar da zafin jikinsa zuwa digiri 33.5, a fara cikin awa 6 na farko, a riƙe shi haka awa 72, sannan a ɗumama a hankali. Sanyin yana rage cin makamashi, yana kuma sassauta maikurogiliya da niyutirofil ba tare da ya kashe su ba. Manyan gwaje-gwaje na 2005 da 2009 a Amurka da Turai da Niyu Zilan sun tabbatar da shi: cikin jarirai bakwai da aka sanyaya ana kuɓutar da kusan ɗaya daga mutuwa ko babbar naƙasa.

Sai a 2021 sakamakon gwajin HELIX ya fito, wanda Sudhin Thayyil ya jagoranta a manyan asibitoci na Indiya da Siri Lanka da Bangaladesh, da jarirai 408, da na'urori masu inganci. Sanyin bai rage jimillar mutuwa ko naƙasa ba, mace-mace ma sun fi yawa: kashi 42 cikin 100 a waɗanda aka sanyaya, kashi 31 a waɗanda ba a sanyaya ba. Masu binciken sun fi karkata ga cewa jariran nasu ƙanana ne, sun fara jijjiga da wuri, hoton ƙwaƙwalwarsu kuma ya nuna rauni irin na wanda ya daɗe yana shan wahala a ciki, wato tazarar awa 6 ɗin ta ƙare tun kafin a haife su. Wasu kuma suna tuna gwajin ɗakin binciken Marianne Thoresen na 2014, inda sanyi ya kasa kare ɓerayen da aka fara yi wa allurar gubar bakteriya. Irin bakteriyar da ke ɗauke da wannan guba, kamar Kilebsiyela, su ne binciken BARNARDS, wanda ya haɗa da asibitoci a Kano da Abuja, ya samu a kan gaba wajen cutar jinin jarirai. Ko wanne bayani aka ɗauka, jaririn da ake kawowa Gusau bayan doguwar naƙuda ya fi kama da na HELIX fiye da na gwaje-gwajen Amurka da Turai. Duk wanda zai kashe kuɗin jiha kan na'urar sanyaya jarirai, ya fara karanta wannan sakamako. Kada kuma wani ya ji labarin sanyi ya ɗauko ƙanƙara a gida. Sanyin da ba a auna ba yana kashe jariri.

Ɗaya gefen kuwa babu gardama a kansa: zafi yana ƙara ɓarna. A gwajin Amurka na 2005, cikin jariran da ba a sanyaya ba, kowane ƙarin digiri ɗaya na zafin jiki ya zo da kusan ninki huɗu na haɗarin mutuwa ko naƙasa. A watan Afrilu zafi a Gusau yakan kai digiri 40, ɗakin mai jego a rufe, wani lokaci da garwashi, jariri cikin hula da safa da shawul. Ga lafiyayyen yaro a hunturu wannan kulawa ce. Ga wanda bai yi kuka ba, abin da ake so shi ne jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, kuma ma'aunin zafi ne kawai zai faɗi haka, ba bayan hannu ba.

Bakwaini nasa labarin ya ɗan bambanta. Tsakanin mako na 23 da na 32 na ciki, ƙwayoyin da za su naɗe wayoyin ƙwaƙwalwa da kitsen da ke sa saƙo gudu ba su nuna ba tukuna, kuma daidai wannan lokaci maikurogiliya ke taruwa a wurin da suke. Kumburi, ko daga mahaifa ya zo ko daga cutar jini ko ta hanji bayan haihuwa, sau da yawa ba kashe su yake yi ba, hana su girma yake yi. Wayoyin da ke zuwa ƙafafu sun ratsa ta wannan wuri, shi ya sa ake ganin yaron da aka haifa bakwaini yana tafiya a kan yatsu, ƙafafu suna harɗewa, alhali wayonsa kalau. Ga shi kuma yawancin garkuwar da uwa ke ba ɗanta ta mabiyiya a watanni uku na ƙarshe take wucewa, bakwaini bai samu rabonsa cikakke ba. Zubar da dakashi a irin wannan hali ƙara masa talauci ne. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa macen da za ta haihu kafin mako na 32 allurar maganiziyam salfet don kare ƙwaƙwalwar ɗan, maganin da asibitocinmu suka riga suka saba da shi wajen jijjigar masu ciki.

Kumburin ba ya ƙarewa ranar suna. A 2012 Bobbi Fleiss da Pierre Gressens suka kawo hujjar cewa akwai zango na uku mai ɗaukar watanni ko shekaru, inda maikurogiliya ke zama cikin shirin faɗa. A Dublin an auna jinin yara 'yan makaranta da suka samu wannan rauni wajen haihuwa, aka ga har yanzu saitokain ɗinsu ba su daidaita ba. A jihar da aka rasa yara kimanin 400 a 2010 saboda gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ya dace a tuna cewa dalma tana ratsa mabiyiya, kuma a gwajin dabbobi tana harzuƙa maikurogiliya. Haka ma ciwon shawara na jarirai idan ya yi tsanani. Yaron da ya sha wuya wajen haihuwa, idan idonsa ya yi ɗorawa, ba na shanyawa a hantsi ba ne, na asibiti ne a ranar.

Abin da za a iya yi a minti na farko ba ya buƙatar lantarki. Jakar busa iska da abin rufe hanci da bakin jariri, da iskar ɗaki kawai, sun isa a fara da su. Tun 2010 ƙa'idojin farfaɗo da jarirai suka daina fifita zallar oksijin ga wanda ya cika wata, saboda tana ƙara sinadarai masu ƙunar da aka ambata. A Tanzaniya, koya wa masu karɓar haihuwa wannan dabara ya rage mutuwar jarirai a ranar farko da kashi 47 cikin 100. Inda kuma ba a iya kai jariri babban asibiti, gwaje-gwajen da aka yi a Zariya da Ibadan da Ile-Ife da wasu ƙasashen Afirka sun sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta amince a yi wa wasu jarirai masu alamun cutar jini allurar jentamaisin da maganin amokisilin a ƙaramin asibiti. Idan aka samu kaiwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, wadda ta rako jaririn, ko kaka ce ko gwaggo, ta zo da amsar tambayoyi huɗu: ƙarfe nawa faya ta fashe, ko uwar ta yi zazzaɓi, ko ruwan ya yi wari ko kore, da minti nawa yaron ya ɗauka kafin ya yi kuka.